Lallen Ranar Rabon Keke

Ni gurguwa ce. Na faɗa tun da wuri don kada wani ya wahalar da bakinsa wajen neman kalma mai laushi. Shan inna ya kama ni ina ƙarama, ya tafi da ƙafafuna biyu, ya bar mini hannu biyu da baki ɗaya, kuma da su nake ci har yau. A ofishin ƙungiyar da ke kula da irinmu a nan Mubi an hana mu wannan suna. An taɓa tara mu, aka ba mu lemon kwalba da mitfai, aka wuni ana koya mana cewa mu masu buƙata ta musamman ne. Na karɓa, na sha lemona. Da aka tashi na fito, sai na tarar da kwatar ƙofar ofishin tana nan yadda na bar ta, da alama ita ba a gayyace ta taron ba.

Kafin in samu keke, da hannu nake zuwa ko'ina. Silifas biyu a hannu, tsumma a gwiwa, in bi gefen hanya har Islamiyya. Wanda bai taɓa tafiya a wannan tsayin ba bai san garinsu ba. Za ka san inda ake tofar da goro, ka san gidan da ke kwarara ruwan wanki a hanya, ka san ƙafafun mutane kafin ka san fuskokinsu. Wasu su tsallake ka, wasu su jefo maka sadaka ba ka roƙa ba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, tela ne a kasuwa, mutum marar yawan magana. Wata rana a gaban shagonsa wani ya jefo mini sulai, ya wuce yana jin daɗin kansa. Ba a jima ba Baba ya je wurin mai walda, aka haɗa mini keke mai taya uku da tarkacen tsofaffin kekuna, irin wanda ake murzawa da hannu. Ranar da ya ɗora ni a kai, ya ɗauki silifas ɗin nan biyu ya wurga su bisa rufin shago. Ni kuma na yi wa kaina alkawari: a cikin gida ƙasa tawa ce, amma titi ba zai sake ganin tafin hannuna ba.

A kan wannan keken na gama makaranta, a kansa na koyi ɗinki, a kansa na riƙa zuwa awo da na samu ciki. Mijina bai yi tsawon rai ba, ya bar ni da 'ya guda. Ni da ita tare muka yi rarrafe a tsakar gida, ita ta miƙe ta bar ni. A gida ba ta ga abin mamaki a jikina ba, ta san Umma a ƙasa take girki, a ƙasa take shara, kuma in ta yi laifi Umma tana iya kamo ta kafin ta kai zaure. Amma a waje, uwarta mai keke ce, kuma da wannan take tinƙaho. Tana firamare wani yaro ya ce mata 'yar gurguwa, ta dube shi ta ce, "Uwata tana da keke. Taka fa? A ƙasa take yawo kamar akuya." Malaminsu ya kira ni, na yi mata faɗa sosai a gabansa, a hanyar gida kuma na saya mata tsire.

To keken nan ne ya mutu. Damina ce, na taso daga Nassarawo za ni kasuwa, na faɗa wani rami a bakin kwalbati, sai na ji ƙas, ƙarfen tsakiya ya rabu biyu. Ban sauka ba. Na zauna a kan gawarsa ina amsa sannu, har wasu mata biyu suka tsayar da Napep suka ɗauke ni cak suka saka a ciki. Mai waldan da ya duba shi ɗan wanda ya ƙera shi ne. Ya juya shi nan, ya juya shi can, ya ce, "Hajiya, wannan keke babu ƙarfe a ciki kuma. Walda ne yana riƙe walda." Sabo kuwa ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Shagona yana can cikin layin teloli inda Napep ba ya shiga, daga bakin titi zuwa ƙofarsa sai dai in sauka ƙasa. Na zauna a gida. Masu kawo ɗinki suka fara yi mini sannu da jiki a waya, suna kai yadinsu gaba.

Ƙungiyar nan, in za a faɗi gaskiya, ba ta banza ba ce. Na san makafin da suka samu sanda a wurinta. Na san wata yarinya kurma da ta koyi maganar hannu a ajinsu, har uwarta ta fara sanin abin da ke sa ta kuka. Sai dai suna da ciwo guda da ya fi namu wuyar magani, wato ciwon hoto. Ko allura ba za su ba ka ba sai an ɗauka. In sabulu aka ba ka, sai ka rungume shi a ƙirji kamar jariri, ka buɗe haƙora. Sun gina wani gangare na siminti a ƙofar ofis don masu keke, miƙaƙƙe, wanda sai ƙarti biyu sun tura ka za ka kai sama. Suka ɗauke shi hoto, suka aika wa masu ba da tallafi, daga nan suka jera tukwanen furanni a kansa don ofis ya yi kyau.

Wadda ta kawo mini labarin rabon keke wata dattijuwa ce daga Muchalla, ita ma gurguwa, kowa Dada yake ce mata, Hausarta kuma ba ta raba mace da namiji. Barkono da daddawa take sayarwa a bakin kasuwa, kuma babu rabon da aka taɓa yi a garin nan, na coci ko na masallaci ko na 'yan siyasa, da ba a gan ta a layin gaba ba. Ta faka kekenta a zaurena, ta shigo tana haki.

"Ƙanwana, ka ji labari? Keke ya zo. Sabo fil, daga waje, har da kwando a baya."

"Na ji, Dada. Yadda ake samu ne ban sani ba."

"Yadda ake samu? Da gwiwa ake samu."

Ta gyara zama ta karanta mini darasi. Masu ba da kuɗin, in ji ta, suna can nesa, kuma ba su yarda da maganar baki. Hoto biyu suke so, na kafin da na bayan. A na bayan kana kan keke kana dariya, a na kafin kana ƙasa. Saboda haka ranar rabo ana kafa rumfa a ƙarshen farfajiyar ofis, manyan baƙi su zauna a inuwa, kekuna a jere an ɗaura musu ribon. A kira mutum, ya taho daga get har rumfa da hannu da gwiwa, mai hoto yana gabansa yana ja da baya.

Na ce, "Wanda yake da tsohon keke fa?"

"Ka san gidan nan na bayan ofis, mai bishiyar mangwaro? Can ne tasha. Kowa ya faka a can, ya sauka, ya shigo kamar bai taɓa ganin taya ba." Ta zaro wata baƙar leda daga jakarta, ta nuna mini wani yagaggen zani da ko goge tukunya ba zan yi da shi ba. "Wannan zanin rabo ne, ba na wanke shi. Kuma idan ka kai tsakiya ka tsaya kaɗan, ka duba sama kamar ka gaji da duniya. Mai hoto yana son wannan."

Na yi dariya har da hawaye. Da ta tafi, dariyar ta bar mini ɗaci a baki.

Jami'ar da ke kula da rabon, wadda kowa ke ce wa Madam, ta zo har gida don ta ga halin da nake ciki. Matashiya ce, ba 'yar garin ba, kuma tana da kirki, wannan ba zan hana ta ba. Ta cire takalmi, ta zauna a tabarma, ta ci gyaɗar da na ba ta. Na ga dama ta samu, na ce bari in gwada ciniki.

"Madam, ga kekena can a karye. Ki ɗauke shi hoto mana, ai shi ma kafin ne."

"Mama, na gane, wallahi na gane. Amma donos, masu ba da kuɗin nan, ba keke suke son gani ba, mutum suke so. Suna son stori, labari mai taɓa zuciya."

"To ki ɗauke ni a nan, a kan tabarmata."

Ta ɗaga kai ta dubi ɗakin, labule a wanke, kwanuka a jere, keken ɗinki a rufe da mayafinsa. Ta ɗan ɓata fuska ta ce, "Mama, gidanki ya yi tsaf da yawa."

Ban taɓa sanin shara laifi ce ba sai ran nan.

"Ba fos ba ne fa, ba dole," ta ƙara da sauri. "Sai dai waɗanda suka zo seremoni, wato bikin rabon, su ake fara ba, in ya rage a duba sauran. Kuma kada ki damu, muna da doka. Ba ma nuna fuskar kowa sai ya yarda. Muna kare diginitin mutanenmu sosai."

"Wato mutuncina a fuska kawai yake."

"Yawwa, Mama!" in ji ta, tana murna na gane karatu da wuri.

Abu ɗaya na tambaye ta kafin ta tafi, ko ranar rabon ranar makaranta ce. Ta ce e. Wannan ne ya sa na amsa. Ba mutanen Mubi nake jin kunya ba, waɗannan sun gan ni a ƙasa tun kafin a haifi Madam. 'Yata nake tsoro. Yarinyar da ta tsaya a gaban aji ta ce uwarta tana da keke, ba na son ko a mafarki ta gan ni ina jan jiki a gaban mutane ana tafa mini. In dai tana aji, fuskata kuma a rufe, to wannan abu zai tsaya tsakanina da Allah da tsakuwar ofis. Na kuma ƙudurta a raina cewa zanin rabo sai dai Dada. In dole sai na je ƙasa, da leshi zan je, in ga stori ɗin da za su haɗa da shi.

A lokacin 'yata tana sakandare, tana kuma koyon lalle a wurin wata maƙwabciyarmu. Babu hannun da ya tsira a unguwar, har ƙafar 'yar tsanar ƙanwar ƙawarta ta sha zane. Na gaya mata za a ba ni keke a wani ɗan taro, ban ƙara komai ba. Ana gobe rabo, bayan la'asar, ta ga na fito da leshina mai ruwan zuma ina kakkaɓewa, sai ta daka tsalle.

"Umma, ashe biki ne! Kawo hannu."

"Ke bari, ba wani biki."

"Wallahi sai na yi miki. Manyan baƙi za su zo, ki je da hannu fari kamar mai takaba?"

Ta kwaɓa lallenta, ta zauna a gabana, ta ɗora hannuna a cinyarta. Ta yi mini ja a yatsu, sa'an nan ta ɗauki baƙin ta juya bayan hannun. Na zaci fure za ta yi irin na kowa. Sai na ga ta zana da'ira, ta ja mata siraran layuka daga tsakiya zuwa baki, ta zagaye ta da ƙananan ganye. Ta yi wa ɗayan hannun ma haka.

Na ce, "Wannan fa?"

"Taya. Hannun direba ai sai da taya. Gobe in kin kama sitiyari kowa zai gani."

Na so in ce ta goge. To in ce saboda me? Na zuba wa tsakar kanta ido, tana hura lallen da baki don ya bushe, harshenta a waje saboda himma. Na ji sonta ya cika mini ƙirji, na kuma ji kamar ɓarauniya.

Washegari sai da na ji ƙarar takalminta ta ɓace a lungu sa'an nan na ɗauko silifas ɗin banɗaki na cusa a jaka. Wani maƙwabcina mai Napep ya matso da baya har bakin zaure na shiga. Muka bi ta bayan ofis, na ga tashar da Dada ta faɗa: kekunan guragu a jere a gindin mangwaro, matar gidan tana zaune tana gadi, tana kuma sayar da kunu.

A bakin get na tarar da 'yan'uwana a zazzaune, kowa ya sha tsummansa. Akwai mai gyaran waya da na sani, wanda kullum sai ya fesa turare, ran nan ya zo da riga mai hannu ɗaya. Dada ta hango ni da leshi da gwaggwaro da sarƙa, ta dafe ƙirji.

"Kai! Ƙanwana, aure ka zo? Za ka ɓata mana kasuwa."

Mai hoton wani saurayi ne mai matsattsen wando, kyamara tana lilo a wuyansa. Ya dube ni sama da ƙasa irin kallon da nake yi wa yadin da wani tela ya riga ya ɓata.

"Mama, ba ki da wani zani?"

"Ina da su cike da akwati, ɗana, sai dai duk sun fi wannan kyau."

Ya tafi yana gunaguni da Turanci.

An zuba sabuwar tsakuwa a farfajiyar saboda baƙi, don kada takalmansu su taka laka. Wannan tunani ne mai kyau, Allah Ya saka wa wanda ya yi shi. Aka fara jawabai, rana tana hawa, tsakuwa tana ɗaukar zafi. Wanda ya tashi sai ya gode wa wanda ya zauna, wanda ya zauna ya sake tashi ya gode wa wanda ya gode masa. Shugaban ƙungiya ya riƙe makirfo ya ce a wannan zamani bai kamata a bar ko mutum ɗaya a ƙasa ba. Muka tafa masa sosai, daga ƙasa.

Dada aka fara kira, kuma wallahi ta cancanci a ba ta kekuna biyu. Ta taho a hankali, kafaɗa ɗaya a karkace, ta kai tsakiya ta tsaya, ta ɗaga ido sama, leɓenta yana rawa. Wata baƙuwa a rumfa ta zaro tishu. Da aka ɗora ta a kan keken sai ta riƙe abin murzawa tana tambayar yadda ake yi da shi, matar da na sha gani tana wuce Napep a gangaren kasuwa. Shugaba da kansa ya sunkuya ya koya mata, ta yi ta sa masa albarka.

Sai aka kira ni.

Na buɗe jaka na fito da silifas ɗin, na zura hannuwana. Warin robar kaɗai ya mayar da ni ƙofar shagon Baba. Na sunkuya, na ɗora tafin hannuna na farko a ƙasa, zafin tsakuwar ya ratsa robar kamar babu ita. Duk abin da na zaci na manta yana nan yana jirana. Duniya ta koma ƙafafu: takalman baƙi masu sheƙi a ƙarƙashin rumfa, ƙafar tebur, murfin kwalba da wani ya yar. Na ji dutse ya kama leshin a gwiwa, na ji ya yage. Ban tsaya a tsakiya ba, ban duba sama ba. Na miƙar da wuya, gwaggwarona yana tsaye, na tafi kamar mai zuwa karɓar bashi. Wasu mata daga cikinmu suka rangaɗa guɗa, baƙi suka rasa ko kuka za su yi ko tafi.

Mai hoto yana gabana yana ja da baya, ransa a ɓace. Ya ɗaga kyamara wajen fuskata, ya tuna doka, ya sauke. Ya saita jikina, leshi da sarƙa suka cika masa ido, ya yi tsaki. Can sai na ga ya durƙusa, har ya kusa kwanciya, ya saita ƙasa a gabana ya yi ta ƙyas-ƙyas. Na ce a raina, ka rasa abin ɗauka ka koma ɗaukar tsakuwa. Na ji daɗi, na ɗauka na ci shi wasa.

Keken kuwa, Allah Ya sani, keke ne. Mara nauyi, ga birki, ga ƙararrawa, ga kujera mai laushi. Da ƙafarsa na koma gida, iska tana bugun fuskata, har na kama kaina ina murmushin da babu mai ɗauka. Kafin 'yata ta dawo na naɗe leshin na tura ƙasan akwati, na wanke silifas na mayar banɗaki. Ta shigo ta ga keken ta yi ihu, ta kaɗa ƙararrawar har maƙwabta suka leƙo. Ta ce, "Sun ga lallen?" Na ce sun gani. Na koma shago, masu ɗinki suka dawo kamar ba su taɓa tafiya ba, na ce magana ta ƙare.

Ba a daɗe ba, wata safiya na fito za ni kasuwa. A mahaɗar da hanyarmu ta haɗu da babban titi, inda 'yan makaranta suke tsallakawa, na ga an kafa wani ƙaton allo na leda. Na ɗaga kai don in ga ko wane ɗan takara ne kuma. Hannuwa biyu na gani, kowanne ya kai girman ƙofa, a cikin silifas ɗin banɗakina, a kan tsakuwa. Babu fuska, babu leshi, an yanke hoton daidai wuyan hannu. Yatsu ja, a bayan kowane hannu kuma ga baƙar taya da layukanta da ganyayenta, har inda hannun mai zanen ya ɗan goce ana gani. A ƙasa an rubuta da Turanci da Hausa cewa sun ɗaga ni daga ƙasa. Na tsaya a tsakiyar titi har wani mai mota ya yi mini hon.

Ban je shago ba, ofis na nufa. Na tsaya a gindin gangaren nan mai furanni na yi ta kaɗa ƙararrawa har Madam ta fito. Fuskarta cike da fara'a, tana ganina ta tafa hannu.

"Mama! Kin ga bana, allon nan namu? Donos sun haukace a kan hoton nan. Saboda shi an amince za a kawo wasu kekunan, na mutanen Maiha."

"Madam, ki sa a sauke shi."

"Haba Mama, me ya faru? Babu fuska fa. Mun bi doka. Babu wanda zai gane ke ce."

Na dubi hannuwana a kan abin murzawa. Lallen ya riga ya koɗe, ko alamar tayar babu. Gaskiya ta faɗa, duk faɗin Mubi babu mai ganewa sai mutum ɗaya. Na buɗe baki in zazzage mata, sai na tuna guragun Maiha da ke can suna jan jiki a kan duwatsu, kuma hannuna ne zai kai musu taya. Haushin ya rasa inda zai sauka. Na juya kekena, ta bi ni da "A gaida gida, Mama."

Ran nan ban iya ɗinka ko maɓalli ba. Na koma gida na zauna a tabarma ina jira. Kullum in 'yata ta dawo, tun daga lungu ake jin sallamarta, kafin ta cire takalmi ta fara ba ni labarin wanda aka doka da wanda ya yi barci a aji. Ran nan sai motsin labule na ji. Ta ajiye jaka a hankali, ta zo ta zauna a gabana, daidai inda ta zauna ranar lallen. Ta ɗauki hannuna ta ɗora a cinyarta, ta dubi bayansa, ta juya shi, ta shafa gindin tafin da babban yatsanta.

"Umma, da zafi?"

"Me?"

"Tsakuwar."

Da ƙyar na ce, "Kaɗan."

Ba ta ɗago ba. Na ji ɗigo ɗaya ya sauka a tafina, mai ɗumi.

"Da kin gaya mini," in ji ta, "da a tafin hannu na zana miki."

Allon ya daɗe a mahaɗar nan. Duk tsawon zamansa 'yata ba ta sake bin hanyar ba, sai ta zagaya ta bakin mayo, wato rafi, ta isa makaranta da ƙafa jiƙe, kuma ba ta taɓa faɗa mini dalili ba. Iskar farkon damina ce ta yi mini aikin da Madam ta ƙi, ta tsinke shi ta yar a kwata. Dada ta tsince shi, ta wanke, yanzu a kansa take shanya barkono. Ta ce ledar waje ce, ruwa ba ya ratsa ta. Mutanen Maiha sun samu kekunansu, na kuma ji an zuba musu tsakuwa mai kyau.

'Yata ta girma, yau amaren Nassarawo layi suke yi a ƙofarmu saboda lallenta. Furanni take yi musu, da ganye, da duk abin da suka nuna mata a waya. Duk Sallah kuma sai ta kori kowa, ta kwaɓa na musamman, ta zauna a gabana ta ce, "Umma, kawo hannu." Ta cika mini tafi da zane har wuyan hannu, tana hurawa da baki kamar da. Bayan hannun kuwa, har yau ba ta sake ɗiga masa komai ba.